Tsalle Ashirin a Bayan Rumbu

Da wata bakwai aka haife ni. Wannan ne kaɗai abin da na taɓa yi da wuri a rayuwata.

An ce da na faɗo, ungozoma ta ɗaga ni da hannu ɗaya, ta juya ni gaba da baya, ta ce ta sha ganin ɓeran da ya fi ni cika ido. Kakarmu ta karɓe ni, ta shimfiɗa auduga a ƙwaryar dama fura, ta saka ni, ta ajiye kusa da murhu. A nan na ƙarasa wata biyun da na tsallake. Ƙauyenmu yana ta wajen Gwangwan ne, kuma a lokacin kakarmu ce asibitinmu, ita ce kuma alƙali. Tun ban buɗe ido ba ta yanke hukunci. Ta ce yaron nan zuciyarsa ba ta nuna ba, ɗanya aka tsinko ta. Kada ya yi gudu, kada ya ɗauki kaya, kada ya riƙe fartanya, kada a daka masa tsawa.

Tana da awonta. Duk lokacin da aka ga na ɗan motsa, sai ta kira ni, ta ɗora tafin hannunta a ƙirjina, ta rufe ido. In ta ji bugun yana sauri, sai ta girgiza kai ta ce, "Kun ji ko? Kamar kalangu. Ku kwantar da shi." Mu goma sha wani abu ne yara a gidan nan, amma ƙirjina kaɗai ake taɓawa. Ba wanda ya taɓa tunanin ya taɓa na wani yaron bayan ya yi gudu, ya ji ko shi ma nasa yana bugawa. Ni ne mai ciwo, don haka ni ake aunawa.

Aikin da ya kamata ya zama nawa sai ya koma kan yayata, wadda ta girme ni da shekara biyar. Yaya nake ce mata har yau. Ita ke kora awaki kiwo, ita ke yankan ciyawa, ita ke kai abinci gona, bayan nata aikin na ɗiban ruwa da surfe. Ta goye ni har sai da ƙafafuna suka fara share ƙasa a bayanta. In muka wuce, mutane su ce, "Sannu yarinya, ya mai jiki?" Ni kuma in leƙo ta kafaɗarta in yi fuskar mai jiki.

Ina da kamar shekara bakwai na gano yadda abin yake. Wata rana na bi wani ƙadangare bayan rumbu, na yi ta tsalle ina neman kamo shi. Ina fitowa babanmu ya ce in zo in riƙe masa igiyar jaki. Kakarmu ta ce tsaya tukuna, ta ɗora hannu, ta ji kalangu, ta ce a kwantar da ni. Ina kwance a inuwa ina kallon Yaya tana jan jaki a rana, sai na fahimci Allah ya ba ni sana'a.

Daga ranar, duk sanda na ji an fara wasa fartanya ko an ambaci ciyawa, sai in zagaya bayan rumbu kamar zan kama ruwa. In yi tsalle ashirin. Na gwada goma, ba ya isa. Talatin kuma yana kawo gumi, gumi yana kawo tambaya. Ashirin ne daidai. In fito a hankali, in jingina da bango, in jira hannun kakarmu.

In gida ya watse, kowa ya tafi gona, sai in tashi. Ban san wani yaro a yankinmu da ya kai ni gudu ba, sai dai ba ni da shaida, domin ban taɓa yi a gaban wanda ya san ni ba. Akwai wani mutum mai gonar rake a fadama da nakan shiga in yi wa sata. Sau uku yana bi na, sau uku ina barin sa yana riƙe da gwiwa. A na huɗu ya ga fuskata sosai, ya zo har ƙofar gidanmu da ƙara. Kakarmu ta fito ta ce masa, "Wanne? Bakwainin? Bawan Allah, ka ji tsoron Allah. Yaron da ba ya iya zuwa bakin rijiya?" Ta kira ni. Na riga na ji muryarsa tun daga zaure, na riga na ziyarci rumbu. Ta kama hannun mutumin da kanta ta ɗora a ƙirjina. Ya ji. Ya yi salati, ya ba da haƙuri, ya ce lallai aljanin fadama ne yake ɗaukar kamannin yara. Washegari ya aiko min da sandar rake biyu, saboda ya ɓata min suna. Na shanye.

Makaranta ma haka ta wuce ni. Tana da nisa a ƙafa, kakarmu ta ce ba da ita ba. Sai da na girma na shiga ajin yaƙi da jahilci na koyi haɗa baƙi. Wanda ya ga rubutun nan ya karkace, ya san daga inda aka faro. Da aka zo zaɓar min sana'a, aka nemi wadda ba a tashi tsaye, aka ba ni ɗinkin hula. Na samu rumfa a kasuwar Rogo na zauna, kuma zaman da na yi ke nan. Gudun ɓoye ya ƙare, domin babban mutum ba ya satar rake. Na yi shekara arba'in da ɗoriya a kan tabarma ɗaya, allura a hannu, ƙwaryar fura a gefe, tsire in la'asar ta yi. Tumbi ya zo ya same ni a nan, bai sha wahalar nema ba.

Yaya kuwa ta yi aure a Yola, ta ƙasar Karaye, ta haifi nata, ta aurar, mijinta ya rasu. Duk inda ta zauna labarinta ɗaya ne, ita ce ta raini bakwaini har ya yi furfura. In na je gaishe ta, sai ta nuna ni ga maƙwabta kamar yadda ake nuna ragon da aka yi wa kiwo mai kyau.

Shekara takwas da suka wuce aka haifa wa ɗana ɗa namiji, shi ma da wata bakwai. Shi ba a ƙwarya aka sa shi ba, a asibiti aka sa shi cikin abin nan na gilashi da ake ce wa kwalba, ya yi makonni. Da lokacin yaye ya yi, aka ce a kai shi wajen tsofaffi ya kwana biyu ya manta da nono, kamar yadda aka saba. Yaya ta zo da kanta ta ce ita za ta yaye shi. Yaron ɗan fari ne a wajen uwarsa, kunya ba ta bar ta ta ce komai ba. Ɗana kuma ba ya musu da gwaggonsa. Ta tafi da shi Yola, kwana biyun nan har yau ba su cika ba.

Dokar kakarmu ta dawo ba a rage mata ko harafi ba, sai ma ƙari da aka samu. A zamaninmu fura da man shanu ne kawai. Shi an haɗa masa da biskit da lemon kwalba da taliyar leda, duk don zuciya ta yi ƙwari. Makarantarsu daga ƙofar gida ana hango tutarta, amma a babur ake kai shi. Yaya ta je da kanta ta gaya wa malamai cewa in an fita motsa jiki, a ba shi kujera. Yaron ya yi jiki, kumatu kamar an hura. In muka taka zuwa masallaci, kafin mu isa yana haki.

Ni da farko abin dariya ya ba ni. Na ce a raina, abokina ya gaji sana'a. Jika abokin wasan kakansa ne, don haka wata ranar Juma'a da na je, na same shi a zaure yana leƙen yara suna buga ƙwallo, na zauna kusa da shi na rage murya.

"Kai, malalaci. Faɗa min gaskiya, ba zan gaya wa kowa ba. A ina kake yin naka?"

"Nawa me, Baba Tsoho?"

"Gudun. In tsohuwar nan ta tafi unguwa."

Ya dube ni kamar na ce ya sha fiya-fiya. Ya ce, "Ai ni ba na gudu. In na yi gudu zuciyata za ta fashe."

"Wa ya ce?"

"Gwaggo. Ta ce kai ma don ba ka taɓa yi ba ne ka kai yanzu." Ya mayar da idonsa kan ƙwallo. "Baba Tsoho, in na yi kaɗan fa, daga nan zuwa tsamiyar can, mutuwa zan yi?"

Na nemi abin tsokana na rasa. Ni na ci ribar dokar nan ne domin ban taɓa yarda da ita ba. Shi kuwa ya yarda. An samu yaro mai gaskiya a zuriyata, kuma ga abin da gaskiyar ta jawo masa.

A lokacin ni ma ina zuwa wani asibiti a Kano saboda hawan jini. Likitar, wata mace mai gilashi da ba ta kai 'yata ta uku shekaru ba, ta riga ta gaya min cewa zama ne yake cin zuciyata, in riƙa tafiya kullum. Na ce mata to, na ci gaba da zama. Da ranar komawata ta zo, na nemi izinin uban yaron, na ce wa Yaya zan kai shi ya ga birni. Ta ba ni shi da sharuɗɗa masu yawa da ledar biskit.

Likitar ta saurari ƙirjinsa gaba da baya, ta tura mu aka ɗauki hoton zuciyar, muka dawo. Sannan ta sa shi ya hau matakalar bene ya sauko. Yaron ya dube ni. Na ce, "Hau, in ta fashe ga masu ɗinki nan kusa." Ya hau yana riƙe da ƙarfe, ya sauko yana haki. Ta riƙe wuyan hannunsa tana duban agogo, ta bari ya huta, ta sake riƙewa.

Ta ce min, "Baba, zuciyarsa lafiya lau, babu huda, babu abin da zai hana shi wasa. Gaskiya ne yaron da aka haifa bai cika wata ba, abin yakan bar masa alama. Wani yakan fi sa'o'insa saurin gajiya, wani in ya girma hawan jini ya fi saurin kama shi. Shi ya sa za ku riƙa kawo shi ana dubawa. Amma maganin ba zama ba ne. Ya fara da kaɗan, kullum yana ƙarawa. A rage masa zaƙi. In ya ce ƙirjinsa na ciwo, ko jiri ya ɗebe shi, ko ya suma, a tsaya a kawo shi."

Na ce, "To bugun nan fa, kamar kalangu?"

Ta ce, "Kowa ya yi gudu tasa za ta buga. Ku jira kaɗan ku ji ko ta sauka. Saukar ake dubawa." Sai ta dube ni ta saman gilashi. "Kai kuma tafiyar da na ce?"

Na ce ana nan ana shiri.

Na kai wa Yaya wannan bayani da la'asar, tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa a faranti. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta ɗago ba.

"Ita likitar, bakwaini nawa ta raina?"

"Yaya, ta yi karatu."

"Ni na yi goyo. Shekara nawa ina ɗauke da kai? Da an bar ka ka yi gudu, da yanzu ciyawar kabarinka ta isa kiwo. Ga ka nan zaune, kai ne shaidata."

Na ga ta nan ba hanya. Na fita na tara yaran da ke ƙwallo, su biyar, na ce su ruga zuwa tsamiya su dawo, wanda ya riga zan ɗinka masa hula. Suka dawo suna haki, na jera su a gabanta, na ce ta taɓa. Ta goge hannu a zani, ta taɓa na farko, ta taɓa na biyu, har na biyar. Ta daɗe a kan na ƙarshen.

Ta ce, "Ikon Allah. Ashe unguwar nan duk ba lafiya."

"Yaya, lafiyarsu ƙalau. Haka kowace zuciya take yi."

"Su da wata tara aka haife su, tasu za ta jure. Nawa ba zai taka ko'ina ba." Ta koma kan gyaɗarta.

Jikana yana bakin ƙofar ɗaki yana jin mu. Na dube shi, na dubi rumbun da ke kusurwar gidan. Na yi shekara sittin da wani abu ina riƙe da maganar nan, har na fara ganin zan kai ta kabari lafiya. Na sallami yaran, na gyara zama.

"Yaya, kin tuna mai raken fadama?"

"Wanda ya yi maka ƙazafi? Allah ya jiƙansa, ya dai nemi gafara."

"Ni ne."

"Kai ne me?"

"Aljanin. Sau huɗu. Akwai ma na biyar da bai gani ba."

Hannunta ya tsaya a cikin faranti. Na gaya mata komai, ƙadangare, rumbu, tsalle ashirin, dalilin da ya sa ba talatin ba. Na gaya mata ranar da ta goya ni zuwa gidan kawunmu a Ruwan Bago, ƙafarta ta kumbura, da safiyar ranar na kori zomo har ya shiga rami. Ban ƙara gishiri ba, abin bai buƙata.

Kaza ta zo ta saci gyaɗa, ba ta kore ta ba.

"Awakin nan," ta ce, "da na yi ta bi a rana."

"Da na iya."

"Ciyawar."

"Ita ma."

"Raken da ya aiko, ko gaɓa ɗaya ba ka ba ni ba. Ka ce mai ciwo aka kawo wa."

Wannan na manta da shi, amma ya yi kama da ni, don haka ban musa ba.

Ta ce, "Ƙarya kake. Likitar ce ta kitsa maka don in saki yaro."

"Wallahi, Yaya."

"To ga rumbu can. Tashi ka nuna min."

Na tashi, wanda shi kansa aiki ne. Na zagaya bayan rumbu, ta biyo ni da sandarta, jikana ya biyo ta. Na tattare riga. Na yi tsalle na farko, ƙasa ta amsa. Na biyu, hulata ta faɗi. A na huɗu sai na ga rumbun ya zama biyu, na dafa wanda ya fi kusa, na zauna a ƙasa ba da niyya ba. Numfashi ya ƙi shiga. Yaya ta sunkuya ta ɗora tafin hannunta a ƙirjina, ta rufe ido, daidai yadda kakarmu take yi. Ta jira ya sauka. Ya daɗe bai sauka ba.

Ta ce, "Wannan na gaske ne."

Da na samu iska na ce, "Na gaske ne. Amma ba daga ƙwarya na taho da shi ba. A rumfa na same shi, a zaune."

Ta miƙe da ƙyar. Ta daɗe tana kallon yaron, shi kuma yana kallon ƙasa. Sannan ta ce masa, "Kai, maigida. Je ka tsamiya ka dawo. Tsamiya kawai. In ka wuce ta, sai na karya ƙafar kakanka."

Yaron bai san yadda ake gudu ba. Ya fita yana jefa ƙafafu gefe kamar agwagwa, hannuwa a sama, ya faɗi a rabin hanya. Yaya ta ce, "Innalillahi," ta damƙe min hannu har farcenta ya shiga. Ya tashi, ya dubi gwiwarsa, ya ƙarasa, ya taɓa tsamiya, ya dawo yana haki yana dariya. Ta ɗora hannu a ƙirjinsa. Kalangu. Na ce ta jira. Muka tsaya mu uku a ƙofar gida, hannunta a kan rigarsa. Can ta ce, "Yana sauka." Ta ƙara jira. "Ya sauka." Ta cire hannun ta duba tafin nata kamar wani ne ya ba ta aro.

Ni ba ta yi min magana ba har aka gama girbin gero. In na je gaisuwa, sai ta amsa wa bango. Da ta huce, ta aiko a gaya min cewa tana da awaki shida, kuma ta ji an ce likita ta ba ni tafiya.

Yanzu duk Asabar da Lahadi ina Yola. Da hantsi ni da jikana muke kora awakin zuwa bakin fadama. An daina kai shi makaranta a babur, lemon kwalba sai da salla. Kumatun sun ragu. Har yanzu a ƙwallo shi ake sawa a raga, kuma har yanzu yakan riga sauran gajiya, amma yakan huta ya koma. Mun koma wajen likitar sau biyu, ta ce a ci gaba. Ni ma ta auna ni ta ce da ɗan dama, ban tambaye ta ko ɗan nawa ba.

Makon jiya rana ta yi zafi, ga wata jar akuya da ba ta jin magana. Da Yaya ta miƙo min igiya, sai na dafa ƙirji, na jingina da bango, na yi fuskar nan tawa ta da. Ban san ma na yi ba, jiki ne ya tuna.

Ko kallon ƙirjin ba ta yi ba. Ta ce wa yaron, "Maigida, leƙa bayan rumbu ka gani ko akwai sawun tsoho."

Ya ruga da gudu ya dubo.